Sauran Jinin Ummusalama

Da la'asar sakaliya na fita daga gida domin in karɓo sauran jinin matata. Aiken ke nan, babu ƙari. Na sa jallabiyata, na ɗauki sandata, na tsaya bakin titi ina jiran raksha, keken haya mai ƙafa uku. Lokacin yankan riɗi ne. Manyan motoci suna ta shigowa Gadarif da buhuna, wasu suna fita da ma'aikata tsaitsaye a baya, kowa da laujensa a naɗe cikin tsumma. Iska tana warin man dizal da sabon riɗi.

Sunana Haliru. Na koyar da kimiyya a Fau, daga baya a nan Gadarif, har na ajiye alli. Na faɗi haka ne don kada wani ya ce tsufa ne ya ruɗa ni. Duk yaron da ya zauna a ajina ya san ba na karɓar amsa sai da dalilinta. Ni ma yau amsa nake nema, kuma mutum ɗaya ne zai iya ba ni ita. Sunansa Elfatih, shi ne mai ɗakin gwajin jinin da ke bayan kasuwa, wanda mu a nan muke kira ma'amal.

Ga yadda abin ya soma.

Ƙafafun matata Ummusalama suka kumbura. Likita ya ce a auna ƙodarta kafin ya rubuta magani. Muka je ma'amal ɗin Elfatih saboda shi ya fi kusa. Wata yarinya mai suna Manahil ce ke aiki a can, mahaifiyarta 'yar unguwarmu ce, tana jin Hausa. Ita ta ɗebi jinin. Bayan ta ɗiba sai ta ce ruwan maganin da injin ke aiki da shi ya ƙare, motar da za ta kawo daga Bur Sudan ba ta iso ba. Ta ce ba sai an sake huda Hajja ba. Za ta juya jinin a inji har jan ya kwanta ƙasa, ta tsiyaye ruwan saman, ta ajiye a tallaja, wato firiji.

Na tsaya na ga ta yi. Ruwan ya fito garau, launin man riɗi, cikin 'yar kwalba da ba ta fi yatsa ba. Ta yanki filasta ta manna, ta rubuta sunan da biro.

Na tambaye ta, "Zai jure har yaushe?"

Ta ce, "Ustaz, awon ƙoda yana jure kwanaki in dai an raba ruwan da jan, kuma sanyin bai yanke ba. In aka bar su a haɗe ne sukari ke raguwa, gishiri ya hau. Wannan na raba shi. Yadda na sa shi haka zan same shi."

Amsa ce mai dalili. Na karɓa.

Ummusalama ba ta karɓa ba. Ita 'yar wanzami ce. Mahaifinta, Salihu, ya yi wa rabin unguwarmu ƙaho, kuma bai taɓa barin jinin mutum ya kwana a sarari ba. Rami yake tonawa, ya yi bismillah, ya zuba, ya rufe, ya taka da ƙafa. Yakan ce abin da ya fita daga jikin ɗan Adam yana da masu nemansa. Don haka ta gyara mayafinta ta ce, cikin ladabi, in an gama a ba ta sauran ta je ta binne.

Elfatih yana zaune bakin ƙofa yana shan jabana, wato gahawa. Ya yi dariya har kofin ya girgiza.

"Ya Hajja, nan ma'amal ne, ba zauren wanzami ba."

Matar da ta girmi uwarsa. Ina so a san wannan maganar ta fito daga bakinsa, a gabana.

Tun daga yammacin ranar ta soma jin sanyi.

Wanda ya san Gadarif a lokacin kaka ya san zafin da nake nufi. Baƙar ƙasa tana tsagewa, awaki suna manne wa jikin katanga. A cikin wannan zafin Ummusalama ta ce in ɗauko mata bargo. Na taɓa hannunta, kamar na taɓa gindin randa. Na ce zazzaɓin cizon sauro ne. Aka duba, babu.

Ni mutum ne mai lura, sana'ata ce ta koya min. Ban daɗe ba na gane abin yana da tsari. In aka ɗauke wutar lantarki, sai ta ture bargon. Gumi ya tsattsafo mata, manya-manyan ɗigo, irin wanda ke fitowa a jikin kwalbar da aka ciro daga sanyi. In aka dawo da wuta, haƙoranta su soma haɗuwa. Na ce fanka ce, na kashe fankar. Na fitar da gadonta tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, inda babu waya ko ɗaya. Bai canja komai ba. Kafin in ji injin ruwan maƙwabcinmu ya tashi, ita ta riga ta miƙa hannu tana laluben bargo.

In wutar ta daɗe ba ta dawo ba, jikinta ya yi zafi. Sai wani wari ya soma tashi daga fatarta, kaɗan-kaɗan, irin na naman da ya wuni a kan tebur. Mace mai tsafta, wadda ko kasuwa ba ta zuwa sai ta shafa humra. Takan juya fuskarta bango don kunya.

Na koma wurin Elfatih ba sau ɗaya ba. Kullum amsar ɗaya: sakamako bai fito ba, kuma doka ta ce sauran jini ƙona shi ake yi, ba a ba kowa. Na ce ya nuna min dokar. Ya ce, "Ma'alesh ya Ustaz, yi haƙuri, gobe." Na san ɗalibin da bai yi aikin gida ba in na gan shi.

Ranar da nake ba da labari, an ɗauke wuta tun azahar. Ummusalama tana kwance, leɓɓanta sun bushe. Ta riƙo bakin rigata.

"Malam, ka karɓo min. Ko ɗigo ne ya rage."

"Zan je gobe da safe, in same shi."

"Yau. Ina jin ana taɓa ni daga nesa."

Shi ya sa na fita.

Raksha ta sauke ni a bakin lungun, rana ta yi ja. Masu shaguna suna ta jan ƙofofin ƙarfe. Mai shayin da ke kusa da ma'amal ɗin tana tattara kujerunta. Kujerar Elfatih babu kowa, sai kofin jabana da ƙudaje. Na yi sallama. Manahil ta fito da jakarta a kafaɗa, makulli a hannu. Da ta gan ni sai ta tsaya.

"Mai gidan ya tafi, Ustaz."

"Ba shi na zo nema ba. Jinin Hajja za ki ba ni."

Ta waiwaya ciki. Ta sake dubana. Yarinyar ta rame, ƙarƙashin idanunta ya yi baƙi.

"Shigo," ta ce a hankali. "Amma kada ka ɗaga murya."

Ɗakin farko yana warin sinadarin goge fata, kamar kowane ma'amal. A ƙarƙashinsa akwai wani wari da bai kamata ya kasance a nan ba. Warin ƙasar da aka tona yanzu. Ta jawo min kujera, ita ta tsaya da bayanta a jikin ƙofar fita.

"Maganin injin ya iso tun tuni," ta ce. "Na gwada jinin Hajja."

"To ina sakamakon?"

"Ya ƙi tsayawa. Na safe daban, na rana daban. Na ce injin ne, na gwada shi da na wasu, lafiyarsa lau." Ta dube ni. "Ustaz, jiya da hantsi Hajja ta sha shayi?"

"Ta sha. Ni na haɗa mata."

"Da sukari?"

"Na cika mata, don ta samu ƙarfi."

"Sukarin kwalbar ya hau a daidai lokacin."

Na ce mata wannan ba ya yiwuwa. Na faɗa da muryar aji. Jinin da ya bar jiki ba ya sanin abin da mai shi ya ci. Yana iya lalacewa, yana iya raguwa, amma ba ya bin mutum gida.

"Na sani," ta ce. "Kuma ruwan da na tsiyaye a gabanka, mai launin man riɗi, ya koma ja. Babu wanda ya zuba masa komai."

Daga ɗakin ciki na ji wani ƙaramin sauti. Kamar cokali ya taɓa kofin gilashi.

Manahil ta rage murya har sai da na matso.

Ta ce a ƙasan tallajar akwai faranti. Na ma'aikatan gona ne. Kowace kaka suna zuwa da zazzaɓi, a ɗebi jininsu, a ce su dawo gobe. Kafin goben motar gona ta tashi zuwa Fashaga, ba sa dawowa. Ka'ida ita ce in an yi 'yan kwanaki a ƙona. Elfatih ya ce a bari su taru a ƙona gaba ɗaya. Kaka ta bi kaka, ba a ƙona ba. Ranar da muka zo, saman tallajar ya cika da na mutanen da yaƙi ya koro, sai ta sa na Ummusalama a farantin ƙasa.

"Ba su lalace ba, Ustaz. Ko ɗaya. Ba su bushe ba, ba su yi tsami ba." Ta matse makullin a tafinta. "Akwai na wani Wada, mai yankan riɗi. Ɗan'uwansa ya zo bara ya ce ya rasu a gona, sun binne shi can. Bayan na ga na Hajja, na gwada kwalbarsa. Ita ma ba ta tsaya ba. Da magariba take hawa."

"Me yake ci?"

Ta kalli ƙofar ɗakin ciki.

Na ce, "Ɗauko min ta Hajja, in tafi."

"Ban san wacce ba ce yanzu. In aka ɗauke wuta tallajar tana gumi. Filastocin sun jiƙe, yau duk sun sulale." Ta nuna min ɗan yatsanta. Farcen ya yi baƙi ƙirin. "Na sa hannu in ware ta. Aka riƙe ni."

Ladanin masallacin kasuwa ya soma kiran magariba, da murya kawai, babu lasifika.

Na san ba a buɗe irin wannan ƙofar a irin wannan lokacin. Kakata ta hana mu ko zubar da ruwan zafi da almuru. Amma wuta ba ta dawo ba tun azahar, kuma na san warin da ke tashi a tsakar gidana.

Na miƙe.

Manahil ta kunna fitilar wayarta. Ta bi ni har bakin ɗakin ciki, ta tsaya. "Daga nan zan haska maka," ta ce.

Tallajar tana kusurwa. Fara ce, ƙasanta ya yi tsatsa, an ɗaure mariƙinta da waya. Ba ta ruri. Ruwa yana ɗiga daga bakin ƙofar zuwa siminti.

Ɗis. Ɗis.

Na ajiye sandata. Na yi bismillah. Na ja.

Babu sanyi. Wata iska mai laima ta bugi fuskata, da warin ƙasa da na tsohon ƙarfe.

Na durƙusa. Gwiwoyina suka yi ƙara.

Farantin yana nan. Kwalabe a jere, masu yawa, duk girmansu ɗaya. Duk ja. Filastocin suna yawo cikin ruwan da ya taru a ƙasa, tawadar ta narke, babu harafi ko ɗaya.

"Haska sosai," na ce.

Ta ɗaga wayar.

Sai na ga jinin yana motsi. A cikin kowace kwalba yana ɗan hawa, yana ɗan sauka. Kowacce da nata saurin. Kamar ƙirazan mutane da yawa da ke barci a ɗaki ɗaya.

Na ce zan ɗauke farantin duka, in binne su gaba ɗaya. Na kama da hannu biyu. Na ja.

Bai motsa ba.

Na sake ja. Aka ja daga can.

Na ɗaga ido in ga abin da ya maƙale. Bayan farantin ya kamata a ga farin bango. Babu bango. Duhu ne mai nisa. Daga cikinsa iska tana zuwa, da ƙarar busassun karan riɗi suna gogar juna.

Kusa, kusa ƙwarai, wani abu yana tsotsa.

Ya tsaya.

"Malam."

Muryar Ummusalama ce. Muryar da take tashe ni da ita sallar asuba.

"Malam, rufe. Zafi yana shigowa."

Na soma Ayatul Kursiyyu, na kai tsakiya, na rasa abin da ke biye. Ni da na karantar da ita ga yaran da ba sa ƙirguwa.

"Ustaz," Manahil ta raɗa daga ƙofa. "Fito. Don Allah fito."

Na ce, "Ummusalama 'yar Salihu. In kina ji, ki nuna min."

Kwalaben duka suka girgiza tare.

"Ni ce," in ji wata murya.

"Ni ce."

"Ni ne, Ustaz."

Maza da mata. Hausa, Larabci, da wasu harsunan da ban sani ba. Duk a hankali, duk da ladabi, kamar masu jiran layi.

Na rufe ido. Na bi kansu da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Wannan da laima. Wannan da laima. Wannan ma.

Ɗaya tana da zafi.

Na ce a raina, tana gida da zazzaɓi yanzu. Tata ce za ta yi zafi. Dalili ne mai kyau. Ko yau aka tambaye ni, ba ni da wanda ya fi shi.

Na zare ta.

Aka kama wuyan hannuna.

Yatsu ne dogaye, jiƙaƙƙu. Sun zagaye hannuna, sun sake zagayewa. Ba su matse ba. Suna ja ne kawai, a hankali, yadda ake jan akuya da ta riga ta gaji.

Kafaɗata ta shiga. Kuncina ya taɓa farantin.

Wani numfashi ya sauka a kunnena.

Sai aka dawo da wuta.

Injin tallajar ya tashi da ruri. Fitilar ɗakin ta kama. Ƙofar ta taho da kanta ta bugi haƙarƙarina. Yatsun suka saki kaɗan, kamar an firgita su. Manahil ta damƙi bayan jallabiyata ta fizga. Muka faɗi tare a kan siminti.

Ƙofar ta rufe.

Daga ciki aka ƙwanƙwasa. Sau ɗaya, a hankali.

Ban tuna yadda muka fita ba. Na tuna Manahil tana kuka ba sauti, tana ƙoƙarin sa makulli yana faɗuwa. Na tuna na bar sandata. Kwalbar tana cikin tafina, har yanzu da zafinta, na ƙi buɗe hannun har gida. Mai raksha ya dubi wuyan hannuna, ya ga zoben fata da ya yi fari kamar ƙuna, ya ƙara gudu.

Na tona rami a gindin darbejiya da wuƙar kicin. Na yi yadda surukina yake yi. Na yi bismillah, na zuba, na sa kwalbar a kai, na rufe, na taka da ƙafa.

Ummusalama tana kan gado, cikin bargo, tana kallona.

"Ka rufe?"

"Na rufe."

Muka jira. Aka yi isha. Injin ruwan maƙwabci yana ta aiki. Haƙoranta ba su daina haɗuwa ba.

"Malam," ta ce, "ba nawa ba ne."

Washegari da sassafe na koma. Ma'amal ɗin a kulle da kwaɗo. Mai shayi ta ce Manahil ta zo da asuba ta faɗa wa Elfatih wata magana a bakin ƙofa, ta jefa masa makulli, ta hau motar Showak. Shi kuma ya kira mai amalanken jaki. Aka fito da tallajar, an naɗe ta da igiya ta ko'ina. Jakin ya ƙi tafiya sai da aka rufe masa ido. Ba ta san inda suka nufa ba.

Da magaribar ranar aka yi sallama a ƙofar gidana. Na fita. Wani dogon mutum ne, ramamme, baƙar ƙasa har gwiwa, lauje a kafaɗa.

"Ustaz, Allah ya saka da alheri," ya ce. "Na daɗe ban kwanta ba."

"Kai ne wa?"

"Wada."

Na dafa katanga. Na ce, "Matata fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Tana kusa da ni, ta hannun hagu. Da ka ƙara yatsa ɗaya." Ya gyara laujen a kafaɗarsa. "Tana yawan ambatonka. Sun matsar da ita can ciki yanzu."

Ya shige ta gefena ya nufi gindin darbejiya. Na juya. Tsakar gidan babu kowa sai Ummusalama a kan gadonta.

Na samu Elfatih a gidansa bayan ya gaji da ɓuya. Ya ce ya zubar da komai, ya wanke tallajar da sabulu, ya sayar. Na ce ya zubar a ina? Ya ce ya manta. Na ce ya buɗe ta da hannunsa? Ya kalli ƙasa. Na ce wa ya sayar wa? Ya ce, "Wani zol ne, wani mutum mai mota, ban tambayi sunansa ba." Mutum ya sayar da tallaja a ɗaure da igiya, bai san sunan mai saye ba, bai san garinsa ba. Na kai ƙara ofis. Wani yaro da na yi jika da shi ya saurare ni, ya ce in kawo shaida. Na nuna masa wuyan hannuna. Ya ce in sa man shafawa.

Na kai Ummusalama wani ma'amal, aka ɗebi sabon jini, aka gwada nan take. Na karɓi sauran na binne. Muka sake komawa, muka sake. Kowane zuwa sakamakon ɗaya ne, bai ƙaru ba, bai ragu ba. Ta yi azumi, haka. Na ba ta shayi mai sukari a bakin ƙofar, haka. Likita ya duba ya yi murmushi, ya ce bai taɓa ganin jinin da ya tsaya cak irin wannan ba, Hajja lafiyarta lau. Na ce masa jinin mai rai ba ya tsayawa cak. Jinin da aka ajiye a sanyi ne ke yin haka. Ya ce in rage karatu, in riƙa hutawa.

Kumburin ƙafar bai ƙaru ba, bai saɓe ba. Farcenta ya daina tsiro.

Yanzu sanyinta ba ya bin wutar Gadarif. Fankarmu tana juyawa, ita tana gumi. Unguwa ta yi duhu, ita tana rawar ɗari. Tallajar tana wani gari, a wani shago ko wani gida, kuma na san lokacin da ake ɗauke musu wuta fiye da yadda su suka sani. Na bi Showak, na bi Fau, na leƙa shagunan masu ruwan sanyi har aka soma nuna ni da baki. Malamai sun yi addu'a, Allah ya saka musu. Kowannensu ya ce a nemo jinin a binne. Abin da ta roƙa ke nan tun ranar farko, aka yi mata dariya.

Ba na neman Elfatih ya ba ni haƙuri. Haƙurinsa ba zai ɗumama kowa ba. Sunan mai saye nake nema, da garinsa. Wanda ya san shi, ya tsare shi ya tambaye shi a gaban mutane, kamar yadda ya yi wa matata dariya a gaban mutane.

Kai kuma da ka saye ta, fara ce, ƙasanta da tsatsa, mariƙinta a ɗaure da waya. Kada ka buɗe ta da magariba. Kada ka sa hannu a farantin ƙasa. Fiye da komai, kada ka cire ta daga wuta. In aka ɗauke muku, ka nemi janareta ko na aro ne. Ka aiko a nemi Ustaz Haliru a Gadarif, kowane mai raksha ya san gidan. Zan zo da kaina. Na san inda zan sa yatsa yanzu.

Ka yi sauri. Yau tun hantsi ta ture bargon. Rana ta kusa faɗuwa, ba ta neme shi ba, kuma ta juya fuskarta bango.